Allurar rigakafin mura ga ɗan wata 20: in yi masa ko in bari?

Maman Walid, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema, don maganar ta fara zama ja-in-ja a gidana.

Yarona watansa 20. Cikin Janairun da ya wuce, yana wata goma, mura ta kama shi kamar wasa, 'yar majina da tari. Kwana uku sai jiki ya ɗau zafi rau, ya ƙi nono, numfashi sama-sama. Da na ɗaga rigarsa sai na ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk jan numfashi. Ƙarfe biyun dare muka buga wa maƙwabcinmu mai keke ƙofa ya kai mu asibiti. Kwana shida muka yi da robar iska a hancinsa, likita ya ce nimoniya ce. Har yau in ya yi tari cikin barci sai na tashi zaune.

Yanzu ga sanyi ya fara bugowa, ni kuma zan koma koyarwa, zan riƙa barinsa gidan raino cikin yara kusan goma sha biyar. Yayata da ke aure a Ingila ta matsa min a waya, wai a can duk shekara ana fesa wa 'yan shekara biyu da uku rigakafin mura ta hanci, kyauta. Na ɗauko katinsa na duba, an cike komai har ta ƙyanda ta wata 15, amma babu layin mura. Wani asibitin kuɗi sun ce za su samo min, kuɗin kuwa ya kusa cefanenmu na sati biyu.

Baban Walid ya ce duk allurar da gwamnati ba ta sa a kati ba kasuwanci ce. Hajiya surukata ta ce da man zafi da hular sanyi ta raini tara, ga su nan raye. Maƙwabciyata kuma ta rantse Penta, allurar jarirai da ke cikin katin, ta ƙunshi ta mura, wai ta ga sunan a rubuce. Kaina ya ɗaure.

Anti Nas, Samaru:

Wa alaikumus salam Maman Walid, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Na daɗe ina zama teburin rigakafi, bari in fara da maganar maƙwabciyarki don kusan duk wata sai wata uwa ta yi min ita. Abin da ke cikin Penta sunansa Hib, wato Haemophilus influenzae, bakteriya ce mai kawo wa jarirai sanƙarau da nimoniya. Sunan infuluwenza ya liƙe mata ne tun 1892, da wani likitan Jamus ya gano ta a jikin masu mura ya zaci ita ke kawo cutar. Sai a 1933 aka ware ainihin bairos ɗin. Suna ne ya zo ɗaya, Penta ba ta tare wannan murar.

Matsalarmu da Hausa, komai mura muke ce masa. Akwai majinar ƙurar hunturu, akwai 'yar murar da yara ke ɗauka daga juna kusan duk wata, sannan akwai infuluwenza, wadda ke faɗowa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki, yaro da safe yana wasa, la'asar ya yi laushi. Allurar ta wannan ta ƙarshen ce kaɗai. In kin yi masa zai ci gaba da yoyon hanci kamar sauran yara, kada Hajiya ta gani ta ce an cuce ku. Ko ita infuluwenzar ba ta tarewa gaba ɗaya. A shekarar da aka dace, tana rage haɗarin kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma wanda ya kamu bayan ya yi, sau da yawa ba ta kai shi gado.

Baban Walid yana da gaskiya a rabi: ba ta cikin jadawalin Najeriya. Amma ba don ta bogi ba ce. Bairos ɗin yana sauya kama, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke fitar da sabon haɗi sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, kuma sai an maimaita allurar duk shekara. Wannan hidima ce mai tsada ga ƙasar da har yanzu take fama da kai ta ƙyanda ƙauyuka. Ita hukumar kuwa ta sa yara daga wata 6 zuwa shekara 5 cikin waɗanda ya kamata a fara yi wa.

Feshin da Yayarki ke faɗa ki cire shi a lissafi, ba a yi wa yaron da bai kai shekara biyu ba. Tasa allura ce a cinya. Kuma tunda farkon yinsa ne, biyu zai karɓa, da sati huɗu tsakani, sannan jiki na ɗaukar kamar sati biyu kafin ta kama. Ki koma ki tambaye su kuɗin da suka faɗa miki na ɗaya ne ko na biyun.

In ɗana ne, yaron da ya taɓa kwanciya da iska a hanci kuma zai shiga cikin yara sha biyar, zan yi masa. Amma ki fara mayar da shi wurin likitan yaran da ya duba shi, ki tafi da kati da takardar sallama. Sannan ki ga kwalbar da idonki ana ciro ta daga firij, ki karanta ranar ƙarewar wa'adinta. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, zafi na ɓata ta, daskarewa ma haka. Kemis ɗin da firjinsa sai NEPA ta kawo wuta, ga zoɓo da kunun aya a ciki, ko kyauta ya ba ki kada ki karɓa.

Baban Ummi, Gyallesu:

Hajiya Maman Walid, sannu da ƙoƙari. Tamu 'yar sikila ce, shekararta biyar, muna kai ta asibitin koyarwa na Shika. Mu ba zaɓi muke da shi ba, don a jikin mai sikila mura kan gangara ƙirji ta zama babban abu, likitocinta suka ce mu riƙa yi. Karon farko da dare jikinta ya yi ɗumi, wurin allurar ya ɗan kumbura, kakarta na ta faɗa wai mun sayo mata ciwo da kuɗinmu. Farasitamol muka ba ta, washegari tana tsakar gida tana bin kaji. Allurar ba ta da ƙwayar cuta mai rai, ba za ta sa mura ba.

Abin da ya fi ba ni wahala samunta. Akwai shekarar da na zaga har na gaji, sai Kaduna na samo. Ba zan rantse miki ita ta tsare min yarinya ba, Allah ne mai tsarewa. Na dai san da Alhajinmu ya dawo daga Makka da tarin nan da alhazai ke dawowa da shi, gida kaf muka kwanta, ni kaina kwana huɗu ban buɗe shago ba, ita kuwa atishawa ta yi ta kwana biyu. Hukumomin Saudiyya ma ai suna shawartar maniyyata su yi ta kafin su taso.

Malam na Ƙofar Doka:

Ni 'ya'yana shida, babu wanda ya taɓa yin wannan allura, kuma duk na cike musu katinsu, har ɗigon shan inna ban taɓa rufe ƙofa ba. Kada ki ga laifin maigidanki. Mu da muka san abin da ya faru a Kano a 1996, da aka gwada magani kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau, 11 suka rasu, dole mu riƙa tambaya. Na san wancan magani ne ba rigakafi ba, amma tsoron da ya bari yana cikin abin da ya sa aka tsayar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, yaranmu suka kwana ciki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. In za ki yi, ki duba lambar NAFDAC a kwalin. In kuma kuɗin zai taɓa abincin yaron, ni ƙwai da wake da gidan sauro zan zaɓa.

Abu ɗaya nake roƙonki, 'yata: kada ki ɗauke shi a ɓoye. Ko zazzaɓin dare ɗaya ya yi bayan allurar, kin shiga uku da dangin miji. Ki ja Baban Walid ku je gaban likita tare, ya ji da kunnensa.

Anti Nas, Samaru:

Malam ya faɗi gaskiya kan NAFDAC da kuma tafiya da uban yaro. Ƙari ɗaya, ko an yi ko ba a yi ba: zazzaɓi a garin nan a fara gwada maleriya, kada a ce mura ce a zauna. Ba a ba yaro asfirin. Antibayotik ɗin da ake saye a kemis ba ya kashe bairos. Yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya, a shekarunsa in ya kai 40 ko haƙarƙari na lotsawa, asibiti kai tsaye.

Maman Walid, Tudun Jukun:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na miƙa wa Baban Walid wayar ya karanta duka. Maganar Malam ce ta fi shigarsa, maganar allura biyu kuma ta sa ya yi tsaki ya ce ashe cefanen wata guda ake magana. Ya dai amince ranar Alhamis mu je wurin likitan tare. Hajiya ta aiko da sabuwar hular sanyi daga kasuwar Sabon Gari, ta ce mu sa masa ko a ina za mu.

Anti, yau ya tashi da 'yar majina amma babu zafin jiki. In likita ya ce a yi, za a iya a haka?

Anti Nas, Samaru:

Majina kawai ba ta hanawa. In jiki ya yi zafi kafin Alhamis, a duba shi dai, allurar a ɗaga ta sai ya warware.