Ina neman shawara: in cire yarona daga jarrabawar CEP (ta kammala firamare) ko in bar shi?

Salamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Ni daga Yelwa nake a Garwa, Kamaru, yarona shekararsa 11 yana CM2 (ajin ƙarshe na firamare), likita ya ce otizim gare shi. Wallahi yaron nan Allah ya ba shi kai, lissafin da yayarsa ta 5ème (aji biyu na sakandare) ke kuka da shi shi ke yi mata da ka ko ardowaz (allo) ba ya ɗauka, amma hayaniya da baƙon wuri su ne ajalinsa. Ranar egzamen bulan (jarrabawar gwaji) aka canza musu aji, aka kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci, takardar dikte fara fat ya dawo da ita, kwana biyu bai ci abin kirki ba. Yanzu ga konkur (jarrabawar gasa) na shiga 6ème (ajin farko na sakandare) ga CEP, kuma a wata lekol za su rubuta da masu tsaron da bai taɓa gani ba. Ni zuciyata ta ce in cire shi, babansa ya ce wai ina son in mayar da shi ɗan ɗaki. Don Allah me kuka gani?

Malam Buba: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekaruna da yawa ina riƙe CM2, kar ki haɗa biyun. Konkur shi ke buɗe ƙofar lise (sakandare) ta gwamnati, CEP kuwa takardar shaida ce, ko bai rubuta ta bana ba yana iya rubutawa daga baya a kandida libir, wato ba ta hannun makaranta ba. Kafin ki yanke, akwai doka ta 13 ga Afrilu 2010 mai kare masu buƙata ta musamman, ki je ofishin afer sosiyal (jin daɗin jama'a) da takardar likita a yi masa kati, sannan ku rubuta wa inspekta ta hannun darakta ku roƙi a zaunar da shi gefe inda ba hayaniya, da ƙarin lokaci in zai yiwu. A rubuce fa, maganar baki iska ce. Kuma tun yanzu, ba ana saura sati ba.

Maman Hafsat, Marwa: Yar uwa ni nawa cire shi na yi kuma ban yi nadama ba, kolej mai zaman kanta muka kai shi suka gwada shi shi kaɗai a ofis, sai dai kuɗin kam ba a magana, sai da na sayar da 'yan kunnena.

Baban Sadiku: A dage da addu'a da tofi, yaro namiji a bar shi ya saba da wuya.

Goggo Asabe: Addu'a kam dole Alhaji, amma wannan ba shagwaɓa ba ce, jikana haka yake. Ɗiyata ki riƙa kai shi lekol ɗin da yamma in an tashi, ya zauna a bencin ya ga tagogi ya ga inda bayan gida yake, sau biyar sau shida, ki ba mai gadi ɗan na goro zai buɗe muku. Shi yaron kin tambaye shi kuwa?

Mai tambaya: Goggo wallahi kin ba ni kunya, ban tambaye shi ba sai yanzu bayan magariba. Ya ce lissafin yana so ya yi, ƙararrawar ce ba ya so, wai ko za a bar shi ya sa auduga a kunne. Malam Buba takardar inspekta da hannu ake rubutawa ko sai an buga, kuma ana manna tambur (kan sarki)?