Wai wace mota ce Beljiyam?

Na Jega: Jama'a, dillalan mota sun kai mu bango. Corolla ta gama shan wahala a Abuja, a fesa mata fenti, a mayar da mita baya, a kwance lamba, a kawo Birnin Kebbi a ce Beljiyam ce a ɗora kuɗi. Su karɓi la'ada wurin mai saye, su karɓa wurin mai sayarwa. Wanga cuta ce tsagwaronta.

Dillali: Alhaji, gyara zancenka. Yawancin Corolla da Camry daga Amurka anka kawo su, ba Beljiyam ba. Duba lambar shasi a gindin gilashin gaba: in ta fara da 1, 4 ko 5 ƙirar Amurka ce, 2 Kanada, J Japan.

Bakanike: Ina ruwan ƙira? Duk wadda ba ta taɓa aiki a Najeriya ba, Beljiyam muke ce mata. Buɗe bonet. Galibin 'yan gida, wato waɗanda sunka yi aiki a nan, an cire masu tamostat mai daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye, tana juyawa da an murza makulli. Leƙa salansa, in an yanke an yi walda, an sayar da indomin, wato matatar hayaƙin da ke ciki. Ɗora maganaɗisu a ƙofa, inda bai kama ba an cika foti ne.

Ɗan Kamba: To 'yar Kwatano fa? Ita ma Beljiyam ce, kuma ta fi araha.

Dillali: Arahar banza. A Janairun 2017 anka hana shigo da mota ta iyakar tudu. Wadda ba ta da takardar duti, ran da kwastan sunka tare ta, rangwamen ya ƙare, wataƙila har da motar. Ku mutanen boda kun fi kowa sani.

Ɗan Kamba: Mi kake nufi? Kowane ɗan Kamba ɗan fasa-ƙwauri ne? Janye maganar nan, malam!

Bakanike: Kuma gwajin maganaɗisun ba ya aiki a bamba, roba ce.

Na Jega: Ni fa zancen la'ada biyu na kawo.

Shugaban zaure: An fahimta. Beljiyam suna ne kawai, kuma dillalai na ƙoƙari, tun da dala ta tashi a 2023 ba su samun ribar kirki. Mai saye ya riƙa zuwa da bakanikensa. Mai son Corolla mai tsabta ya same ni, akwai biyu a ƙasa.