Wai Facebook na da akwatin zaɓe?

Malam Sani: Ni fa ina nan kan bakana, duk hayaniyar nan ta Facebook da TikTok ba ta kawo ƙuri'a. A 2023 kowa ya rantse matasa sun farka, ranar zaɓen shugaban ƙasa ko kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba su fito ba.

Binta: Haba Kawu, to Peter Obi fa? Jam'iyyarsa ko gwamna ɗaya ba ta da shi lokacin amma ya kwashi ƙuri'a sama da miliyan 6, har ya kada Tinubu a Legas. Ba waya ce ta yi wannan aikin ba?

Malam Sani: Legas kika ce ai. A Kano nawa ya samu? Kwankwaso ya kawo kusan miliyan ɗaya, kuma da jar hula aka tara su, zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya da sojojin baka a rediyo, tsohuwar da ke layi tun asuba ba ta san wani hashtag ba.

Auwal: Yallaɓai a bar maganar ƙuri'a tukuna. Yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, wata uku suna tsare ba mai ko cewa uffan, sai da aka kai su kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamba aka ɗauki bidiyonsu duk sun rame wasu na zubewa ƙasa, duniya ta ɗauka, ko sati ba a yi ba Tinubu ya ce a sake su. In ba don waya ba wallahi da har yanzu ana ɗage shari'a.

Maman Ilham: Wayar ce dai ta fito da su titi tun farko, da aka fara fashe-fashe aka sa dokar hana fita masu zuga su kowa ya kashe data ya kwanta. Shinkafar ta sauko?

Auwal: To in ba ta da tasiri me ya sa gwamnatin Buhari ta rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021?

Malam Sani: Haushi ne, an goge rubutun shugaban ƙasa. Yanzu ma sun gane rufewa wahala ce, gara a tura wa yara kuɗin data su kwana suna zagin juna.

Binta: Ba kowa ake biya ba Kawu.

Malam Sani: Na yarda 'yata. Katin zaɓenki da kika yanka a Zariya kina makaranta, kin dawo da shi mazaɓarmu ko yana can?