Buhu a kaka ko awo kullum, wanne ne tattalin gaske?

Ɗan Dawanau: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana ko da za a ji haushina, duk magidancin da har yau yake awon hatsi kullum, kwano ɗaya yau kwano biyu gobe, shi yake talauta kansa da hannunsa. Na daɗe a kasuwar nan ta hatsi ta Dawanau a Kano ina kallon yadda abin ke juyawa, daga Oktoba zuwa Disamba kaya na shigowa daga ƙauyuka masara gero dawa wake duk farashi a ƙasa saboda manomi na neman kuɗin biyan bashin taki da na aurar da 'ya, amma bari damina ta yi tsakiya wajen Yuli da Agusta rumbuna sun yi ƙasa, sai ka ga kwano ya tashi kamar ba a ƙasar nan aka noma shi ba. Buhun masara kwano 40 ne. In ka saye shi kwano kwano ka biya ribar dillali ka biya ta mai awo ka biya kuɗin mota, ga kwanon wasu ma an bubbuge gindinsa. Ka ɗaure ciki wata biyu a kaka ka ajiye abincin shekara, wannan shi ne tattali.

Malamin Firamare: Wa'alaikumussalam. Alhaji lissafinka daidai ne amma ka tsallake abu ɗaya, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wane cikin za a ɗaure wanda ba a riga an ɗaure ba? Mafi ƙarancin albashi 30,000 ne tun 2019, sai a Yulin 2024 aka sa hannu ya koma 70,000, kuma a shekarar ta 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin kuɗin nan, wato ko ka ɗauki albashin gaba ɗaya baka taɓa ko sisi ba bazai sauke maka buhu ɗaya ba. Ni nawa kafin ya shigo an riga an raba shi, mai shago na jira, ga kuɗin haya da nake tarawa, ga islamiyyar yara huɗu, ga mahaifiyata a ƙauye. Ba rashin sanin kaka ke sa mu awo ba wallahi, 'ya'yan manoma ne mu, a kan rumbu muka tashi.

Direban Adaidaita: Allah ya biya ka malam. Kai ma kana da ranar da kake jira a wata, ni fa abin da na samo da rana shi za a ɗora da yamma. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi lita da muke sha ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 mun sha ta sama da 1,000, fasinja kuma ya koma takawa da ƙafa. In na cire mai na cire balas ɗin mai keke abin da ya rage shi nake tsayawa da shi wajen mai awo a hanyar gida. To Alhaji wane wata biyun zan ɗaure?

Uwargida: Ku yi haƙuri iyayenmu maza, duk kuna maganar yadda hatsi zai shigo gida babu mai maganar yadda yake ƙarewa, kuma nan ɗin ne aikin yake. Ni na zauna da buhu na zauna da awo don haka na san su duka. Wallahi in buhu na jingine a ɗaki hannu ya fi sakewa, kina ɗiba ba ki ma lissafi, maƙociya ta aiko yaro da ɗan kwano ba za ki iya cewa babu ba tunda ta ga ranar da aka sauke, 'yan uwan miji su zo a ƙulla musu, buhun da aka ce na wata uku ne wata biyu ya kwanta, sai kuma a ce matar gida ce ba ta da tattali. Da awo kuwa na san kwano ɗaya ne a hannuna dole in ja shi. Wake tun dare nake jiƙa shi in sa 'yar kanwa don kar ya cinye min gawayi, in na sauke tukunya garwashin da ya rage in kwashe in rufe a tsohuwar tukunya ya mutu, gobe shi zan fara hurawa. Shayi da burodi mun bar shi sai ranar Juma'a, ɗumame ne da safe ko koko. Lokacin da tumatir ya yi araha a rani nake yanka shi in shanya a kan kwano ya zama kauɗa, haka tattasai haka kuɓewa, da damina da ake kuka da tsadar kayan miya ni daka kawai nake. Dusar da ta fita a surfe ma ba na zubarwa, masu awaki na saya in sayi dunƙule da ita. Wannan duk ba tattali bane sai buhu?

Ɗan Dawanau: Hajiya tattali ne kam babu musu, Allah ya ƙara albarka. Amma kin ga kauɗar nan da kike yi ai maganata ce, kin saya da araha kin ajiye wa lokacin tsada. Abin da nake cewa kenan a yi da hatsi. Batun hannu ya sake kuma sai a sa buhun a sito a dinga auno na sati.

Uwargida: Wane sito Alhaji, ɗaki ɗaya da falo ne gidan haya mu takwas. Kuma kauɗa da kuɗin cefanen kwana biyu ake yinta, buhu fa?

Mai Shago: Ni zan faɗi gaskiya duk da cewa a kaina take. Alhaji bai yi ƙarya ba, mai sayen ƙulli shi ya fi kowa biyan tsada kuma a hannuna yake biya. Galan ɗin man gyaɗa in na ƙulla shi leda leda abin da yake fitarwa ya fi in na sayar da shi a dunƙule, haka sukari haka omo, kuma dole ne don ledar ma saye nake ga wanda zai ci bashi ya ɓace. Amma ban taɓa ganin wanda ya zaɓi ƙulli don yana so ba. Akwai dattijon da ke zuwa min bayan isha'i lokacin da babu mutane, ya sayi rabin kwanon gari ya ce a rubuta, ba ya iya haɗa ido da ni. A 2024 har afafata mutane suka koma ci, wadda masu casar shinkafa ke warewa a da ana kai wa kifi. Mutumin da ya kai nan in ka ce masa shi ya talauta kansa ka zalunce shi.

Direban Adaidaita: Kuma tunda an zo nan bari in faɗa, wannan saye a ajiye ɗin ai shi ya kashe mu. Masu kuɗi su kwashe kaya a kaka su kulle sai ya yi tsada su fito da shi. Ba a Dawanau ɗin bane hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Kano ta je ta rufe wasu manyan sito-sito a Fabrairun 2024 kan zargin ɓoye abinci? Yanzu kuma ana ce mana mu ma mu shiga layi.

Baba Dattijo: A'a ɗana, kar a haɗa abin da ba ɗaya ba. Wanda ya kwashe abincin gari ya kulle yana jiran mutane su galabaita, wannan ɓoye ne kuma addini ya hana. Wanda ya ajiye abin da iyalinsa za su ci kuwa ba laifi ya yi ba, ya tabbata cewa Manzon Allah SAW yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara, kuma kun san shawarar da Annabi Yusuf ya bayar a Masar, a bar hatsi a zangarniyarsa shekara bakwai na wadata saboda bakwai na fari. Mu da muka tashi ba a sussuke gero gaba ɗaya, dami dami ake jera shi a rumbu, kuma akwai rumbun da maigida ba ya buɗewa sai an yi shuka. Abin da ya canza shi ne yanzu mun taru a birni babu gona babu rumbu, kowa cikinsa na hannun kasuwa. Alhaji yana da gaskiya a hikimar, inda ya yi kuskure shi ne ɗora laifi a kan wanda ba shi da hali.

Malamin Firamare: Baba Allah ya ƙara girma. Amma ko hikimar ma ba kullum take ci ba. Ƙanina ya bi irin wannan shawarar a ƙarshen 2024, ya ci bashi a wajen aiki ya sayi masara buhu uku yana cewa kafin damina za ta ninka kamar yadda ta yi a shekarar da ta wuce. Me ya faru? Gwamnati ta riga ta ba da damar shigo da wasu kayan abinci ba haraji na kwana 150, kaya suka cika kasuwa, 2025 farashi ya dinga sauka maimakon hawa. Shi yana biyan bashin masara mai tsada ana yanke masa a albashi, maƙocinsa mai awo kullum yana saye da sauƙi. Alhaji kana kasuwa, ka faɗa mana ƙarya nake?

Ɗan Dawanau: Ba ƙarya kake ba malam, mu ma ta taɓa mu, akwai waɗanda jarinsu ya karye a wannan faɗuwar har yau basu miƙe ba. Amma shekara ɗaya ba ta rushe abin da aka saba gani shekara da shekaru. Kuma ni ban ce a ci bashi ba, wannan ba da yawuna ba. Ƙaninka duk da haka ya kwana wata da watanni bai yi tunanin me za a ɗora ba, wannan kwanciyar hankalin ma kuɗi ne.

Uwargida: In ƙwari sun bar masa ba. Mu wake rabin buhu muka taɓa ajiyewa wata uku na buɗe ya zama gari duk ya huhhuje, kuka kawai na zauna na yi.

Ɗan Dawanau: Wannan yana da magani Hajiya. Akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki buhu a waje, ki tabbatar waken ya bushe sarai ki matse iska ki ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki iska ta ƙare masa ya mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. In babu shi jarka mai murfi da ba ta shan iska ma tana yi, ki cika ta taf. Abin da nake roƙo don Allah kar a sa ƙwayar maganin nan ta hatsi a ɗakin da ake kwana, hayaƙinta na kisa, kuma kar a zuba fiya-fiya a abin da yara za su ci.

Uwar Adashe: Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ku duka kuna magana kamar dole mutum ɗaya ne zai sayi buhu shi kaɗai. A layinmu mu goma sha biyu ne muke zubi duk Juma'a, kuma mun yi yarjejeniya kwasar watan Nuwamba da Disamba ba a ba kowa kuɗi a hannu, hatsi ake sayowa. Mata huɗu buhu ɗaya, kowa kwano goma, a tsakar gidana ake aunawa kowa na kallo. Kwano goma ba ya tsone wa maƙota ido, ba ya buƙatar sito, ƙwari ba sa samun lokacinsa, kuma farashin buhu aka saya. Matsalar da nake gani ita ce anko, mace za ta ce min ba ta da na zubi wannan satin amma an fitar da atamfar bikin 'yar ƙawarta ta yanka. Wannan kam ina faɗa musu a fuska.

Uwargida: Anko na yarda Yaya, ni ma na daina, in an matsa in sa mai kalar da ta yi kusa. Amma gudunmawar biki da suna kar a taɓa ta, ita ma ajiya ce. Ranar da na haihu na huɗu maigidan ba shi da ko na rago, abin da na dinga kai wa mutane shekaru shi ya dawo min a kwarya da leda har muka fita kunya.

Direban Adaidaita: Hajiya uwar adashe, maza na shiga irin naku? Na sati bazan iya ba don in kuɗi ya kwana a aljihuna gyaran keke zai cinye shi, amma 500 kullum da yamma in na kai balas ina ganin zan iya jurewa.

Uwar Adashe: Namu na mata ne ɗana, amma ku nemi mutum huɗu a tasharku wanda kuka yarda da amanarsu, ɗaya ya riƙe littafi. Sharaɗi ɗaya, wanda ya riƙe kuɗin kar ya zama shi ne zai je sayayya shi kaɗai.

Malamin Firamare: Ni har yanzu ina kan bakana cewa kalmar "shi ya talauta kansa" ba daidai bace Alhaji, ya kamata ka janye ta. Na haɗin gwiwar kuma zan gwada da malamai uku a makarantarmu in albashin Nuwamba ya shigo da wuri.

Ɗan Dawanau: Na janye ta a kan wanda ba shi da shi, ban janye ba a kan mai sayen data da kati kullum yana cewa buhu ya fi ƙarfinsa. In kun tashi ku shigo da safe kafin kasuwa ta cika, ku zo da kwanonku na gida, a farke buhun a auna a gabanku kafin ku biya.