Zogalen da muke reno a leda yana ta mutuwa

Salamu alaikum manoman garka. Ƙungiyarmu ta ɗalibai a nan Maradi ta saba renon itatuwa a leda, mu dasa ranar 3 ga Agusta. Bana zogalen ya ƙi. Yakan tsiro lafiya, ganye shar, sai karan ya sirance daidai bakin ƙasa, ya yi baƙi, da safe mu tarar ya kwanta. Yashin gulbi muka haɗa da takin awaki. Mun rage ban ruwa, mun ƙara huda ledojin, mun barbaɗa toka, ruwan ganyen dogon yaro ma mun fesa, ba sauƙi. Na ƙarƙashin rumfa sun fi mutuwa, abin yana damunmu ƙwarai. Me za mu yi wa ƙasar nan kafin mu sake shuka?