Waifai ɗin gidanmu baya motsi da daddare, meye matsalar?

Ɗan Naraguta:
Salam jama'a, dan Allah masana ku taimaka. Ni ke kula da wani gidan ɗalibai a Naraguta nan Jos, ɗaki 18, muka yi karo-karo muka sa intanet da rauta (na'urar raba waifai) biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Da safe lafiya lau amma daga ƙarfe 8 na dare ko hoto a WhatsApp sai ya yi ta juyi alhali sabis a cike yake fal. Na ƙure ƙarfin eriya a setin, abin ma sai ya ƙara lalacewa. In sayo ta uku ne?

Injiniyan Bukuru:
Wa alaikumus salam. Kar ka sayi komai tukuna ɗan uwa. Waifai a tasha ɗaya (channel, kamar tashar rediyo) kamar zaman sulhu ne gaban mai unguwa, mutum ɗaya ke magana saura su jira, kowace waya sai ta kasa kunne ta ji shiru kafin ta tura, in biyu suka yi karo su ja baya su sake. To ga rautocinka ga na maƙwabta ga yaran da ke kunna hotspot, duk layi ɗaya kuke bi. A zangon waifai na 2.4GHz tasha uku ne kawai basa shiga juna, 1 da 6 da 11. Sauke manhajar WiFi Analyzer ka duba cunkoson tashoshin da daddare lokacin da kowa ya dawo, ka raba wa rautocin tasha, ta sama daban ta ƙasa daban, faɗin tashar kuma 20MHz, kar ka bar shi a 40. Ƙarfin nan ma rage shi, rauta na ta ihu wayar na jinta daga nesa amma muryar wayar bata kai mata.

Maman Twins:
Mu a shagonmu ɗaya zangon waifai ɗin, 5GHz, ne ya cece mu, tashoshi sun fi yawa, sai dai baya ratsa bangon bulo sosai. Kuma waya ɗaya da ke can ƙarshen gida tana jan lokacin kowa saboda a hankali take karɓa.

Injiniyan Bukuru:
Haka ne Hajiya. Af, ta ƙasan da kebul ka haɗa ta ko ta iska take ɗauko ta saman? In ta iska ne a tasha ɗaya take ji ta maimaita, kusan rabin gudun ya tafi kenan.

Ɗan Naraguta:
Wlh ta iska ne oga. Gobe zan leƙa kasuwar Terminus in sayo kebul, mita 30 ina ga zai isa.