Cibiyar fedar tsohon Raleigh na ƙara: a buɗe ko a canza?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai tsohon Raleigh a hannuna, irin mai kotafin, wato fin ɗin ƙarfe mai noti da ke riƙe hannun feda a jikin ƙarfen tsakiya. In na taka feda sai in ji ƙas-ƙas a cibiya, in kuma na kama hannun fedar na girgiza gefe da gefe yana motsi. Wani ya ce in kwashe kayan cikin duka in sa na zamani, wanda ke zuwa a rufe. Me kuka gani?

Baba Makanike: Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka yi gaggawar sayen komai. Raleigh ɗin da aka ƙera a Nottingham a da, tiredin ramin cibiyarsa, wato zaren da ake murɗa kayan a kai, 26 ne a kowane inci, sauran kekunan Ingila kuma 24. Faɗin ramin kusan ɗaya ne, don haka sabon zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya yaudare ka, sannan ya cije. Ka matsa da ƙarfi, ka cinye tiredin firam, shi ke nan. Buɗe naka ka duba tukuna. Galibi giris ne ya bushe.

Ɗan Auta: To Baba, na gode. Sai dai kotafin ɗin ne ke ba ni tsoro.

Kawu: Ka jiƙa shi da mai tun dare. Da safe ka sassauta notin har ya yi daidai da bakin tiredi, kada ka cire shi. Ka samo guntun bututun ƙarfe ka tokare hannun fedar daga ƙasa, kan fin ɗin yana cikin ramin bututun, don nauyin bugun ya sauka ƙasa, ba kan boris ba. Sai bugu ɗaya mai kyau da guduma. Masu ɗan ƙwanƙwasawa a hankali su ne ke lanƙwasa shi.

Malama mai Peugeot: Kawu, ni bais nake sawa da soket, in matse shi ya fito da kansa. Guduma sai in babu yadda zan yi.

Kawu: Haka ne Malama, wanda ke da bais ya huta.

Baba Makanike: In hannayen sun fita, ta hagu za ka shiga. Kwance zoben kulli, sannan kofin da ake saitawa, wanda ƙwayoyin boris ke zama a cikinsa. Shimfiɗa tsumma a ƙasa, don ƙwayoyin za su zubo su watse. Kofin dama, na ɓangaren sarƙa, ka bar shi inda yake muddin cikinsa lafiya ne. Ta ramin hagu za ka goge shi da tsumma da kananzir, ka haska tocila ka duba.

Malama mai Peugeot: In kuma dole ta sa a cire shi, a san ina ake juyawa. Na Ingila tiredin hagu ne, yadda hannun agogo ke tafiya ake kwance shi. Tsofaffin kekunan Faransa da na Italiya kuma na dama ne duka ɓangarorin biyu. Mutum sai ya ɗauki sifana yana ta ƙara ɗaurewa yana zagin tsatsa.

Ɗan Auta: Na buɗe. Giris ɗin ya zama kamar busasshen laka. Ƙwayoyi 22 na tsinta.

Baba Makanike: Daidai ne, 11 kowane gefe, masu rubu'in inci. Zubar da su, ka sa sabbi duka a tare, kada ka gauraya tsoho da sabo. Yanzu abin dubawa shi ne ƙarfen tsakiya. Wanke shi, ka bi layin da ƙwayoyin ke gudu a kai da farcenka. In layi ne siriri mai sheƙi, santsi har ya zagayo, lafiya lau. In farce ya maƙale a ƙananan ramuka, ƙarfen ya ci, babu giris ɗin da zai gyara shi. Haka za ka yi wa kofunan. Kuma ka lura, ƙarfen nan gefe ɗaya ya fi tsawo, shi ne na ɓangaren sarƙa.

Yaya Babba: Me zai hana ya sa ƙwayoyi masu keji, waɗanda ke zuwa a jere cikin zobe? Sun fi sauƙin ɗaurawa.

Kawu: Sauƙi kam akwai, amma yawancin kejin ƙwaya 9 yake ɗauka, ga kuma masu juya shi baibai. Ni na fi son sakakku. Ka laɓta giris a kofi, ka jera su ɗaya-ɗaya, giris ɗin zai riƙe su.

Yaya Babba: To ka ƙara da 'yar robar nan da ake zurawa tsakanin kofunan. Ruwa da tsatsa ta bututun sirdi suke gangarowa.

Baba Makanike: Aikin gaske a wajen saiti yake, nan ake gane wanda ya iya. Ɗaura kofin hagu da yatsu har ya taɓa ƙwayoyin, ka riƙe shi, ka ƙulle zoben. Ƙulle zoben yakan ɗan jawo kofin waje, saboda haka bayan ka ƙulle ne za ka gwada, ba kafin nan ba. Juya ƙarfen da yatsu biyu: in kana jin gargada, ya matse. Sa hannun fedar dama ka girgiza daga can ƙarshensa, ka juya shi wani wuri ka sake girgizawa: in akwai motsi, ya saki. Kwance, gyara kaɗan, sake ƙullewa. Sai ka yi ta maimaitawa, ba abin kunya ba ne.

Malama mai Peugeot: Kotafin kuma su kalli saɓanin juna, in ba haka ba fedodin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Buga shi ake yi ya zauna, noti riƙewa kawai yake yi. Ka ja shi da noti, tiredin ya tsinke.

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri. Ƙarfen santsi ne, kofin hagu ne kawai ke da ɗan tabo guda. In mayar da shi?

Baba Makanike: Mayar, ka hau abinka, kana cigiyar wani mai tiredi 26 daga jikin tsohon Raleigh da aka ajiye. Bayan 'yan kwanaki ka sake buga kotafin ɗin, ka ƙara ɗaure notin.